Ƙishirwar Iyatu

Ranar awon ciki ce, mata sun cika barandar asibitin En'e na Lafia, wasu a kan benci, wasu a ƙasa sun miƙe ƙafafu suna fifita da gefen zane. Bazara ta kai maƙura. Ngunan, nas ɗin da ke duba su, 'yar Tibi ce da ta koyi aikin jinya a hannun 'yan mishan, kuma ta daɗe a garin har matan sun saba da hannunta. Ta ƙarshe a layi ita ce Sailuba, matar Babandi dillalin riɗi, da tsohon cikinta. Aka gama awo, amma ba ta tashi ba. Ta yi ta murza bakin gyalenta.

"Nas, kuna da maganin tsayar da fitsari?"

"Mai ciki dole ta yi ta fitsari," in ji Ngunan tana wanke hannu. "Ba ciwo ba ne."

"Ba ni ba. Uwar mijina ce, Iyatu. Tun da ɓarin jikinta ya shanye da damina, komai a kwance take yi. Mun rage mata ruwa, amma har yanzu tana jiƙa tabarma."

Ngunan ta juyo da jiƙaƙƙen hannunta.

"Kun rage mata ruwa? A wannan zafin?"

"Maigida ne ya ce. Rabin moɗa da safe, shi ke nan. Ya ce in ba ta sha ba, ba za ta yi ba." Ta faɗi haka ba tare da ta ji wani nauyi ba, kamar mai faɗin yadda ake shanya kuɓewa. "Ni kaɗai ce a kanta, Nas. Kin ga halin da nake ciki."

Da aka tashi aiki Ngunan ta ɗaure jakarta a bayan keke ta bi kwatance.

Gidan ba ya ɓata. Shi kaɗai ne mai sabon rufin kwano a layin, yana ƙyalli har yana kashe ido. Zauren cike yake da buhunan riɗi. A tsakar gida akwai wani ɗaki mai daɓen siminti da ƙofar katako, shi ma buhuna ne har sama. Sailuba ta ce nan ne ɗakin Iya a da, amma riɗi ba ya son lema, shi ya sa aka mayar da ita wata bukka a bayan gida. Suka zagaya ta gefen garken awaki. Tun kafin su isa bukkar wari ya tare su, wari mai kauri da ke manne wa mutum a maƙogwaro. Sailuba ta ja gyale ta rufe hanci ta tsaya daga nesa.

Ngunan ta sunkuya ta shiga. Ƙudaje suka tashi gaba ɗaya, suka sake sauka. Da idonta ya saba da duhun, ta ga tsohuwa kwance a kan wata tabarma da ta riga ta yi baƙi ta ruɓe a tsakiya. Ba ta da nama ko kaɗan. Bakinta ya karkace gefe ɗaya, leɓɓanta sun tsattsage, jini ya bushe a kansu. Can a jikin bango, inda hannunta mai lafiya ba zai taɓa kaiwa ba, an kife moɗa.

"Sannu, Iya. Ni ce nas daga asibiti."

Idanun suka juyo a hankali. Harshen ya yi ta kokawa kafin magana ta fito.

"Ke ce mai allura?"

"Ni ce."

"'Yata, an ce kuna da wadda in an yi wa mutum, ya yi barci ba ya tashi. Ki yi mini ita, don Allah. Ba zan gaya wa kowa ba."

Ba yau Ngunan ta fara jin wannan roƙon ba. Ta ji shi a bakin manomin da maciji ya sara har ƙafarsa ta ruɓe, ta ji shi a bakin matar da ta yi kwanaki tana naƙuda. Farkon aikinta takan yi musu faɗa, ta ce kada su yi saɓo. Daga baya ta gane faɗan ba ya warkar da komai, sai dai ya rufe musu baki. Don haka ta durƙusa a kan ƙazantar nan, ta kama hannun tsohuwar.

"Na ji ki, Iya. Ba ni da wannan allurar, ko ina da ita ba zan yi miki ba. Amma ki gaya mini, yanzu-yanzun nan, me ya fi damun ki?"

Iyatu ta lashi busassun leɓɓanta. Sannan ta ce, da ƙyar:

"Ƙishirwa."

Ngunan ta leƙa waje ta ce wa Sailuba ta kawo ruwa, tulu guda, ta kuma ɗora wani a wuta. Ta tallafo kan tsohuwar ta riƙa ɗiga mata da cokali, kaɗan-kaɗan, don kada ta shaƙe. Iyatu ta damƙe wuyan hannunta da wani irin ƙarfi da ba a zaci tana da shi ba, tana jawo cokalin, tana lasar abin da ya zubo a haɓarta.

Da ta juya ta don ta wanke ta, zanen ya ƙi rabuwa da fata. Sai da ta jiƙa shi. A ƙugu da gadon baya akwai gyambo biyu, ɗaya ya yi rami har ana hango farin ƙashi, tsutsotsi suna motsi a cikinsa. Ngunan ta ga abubuwa da yawa a aikinta, amma a ranar sai da ta fita bayan bukka ta tofar da yawu mai ɗaci kafin ta dawo. Ba gyambon ne ya tayar mata da zuciya ba. Daga inda take tsaye tana jin ƙamshin miyar nama daga madafi, tana kuma ganin an cika wa awaki kaskonsu da ruwa har yana zuba.

Ta tsince tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya, ta wanke, ta sa magani ta ɗaure. Ta sa aka ƙone tabarmar.

A zaure ta tarar da Babandi ya dawo, yana zaune a kan buzu yana shan fura. Mutum ne mai jiki, mai tsafta, rigarsa ta sha bugu. Ya gaishe ta da fara'a, har ya ce a kawo wa Nas ruwa.

"Malam Babandi, mahaifiyarka ƙishirwa ce za ta kashe ta, ba shanyewar jiki ba."

Ya ajiye ludayi.

"Nas, kin zo yau, kin ga na yau. Mu ne muke tare da ita tun damina. Matata ciki gare ta, sau nawa za ta wanke tabarma a rana? Ni kuma namiji ne, ba zan ga tsiraicin uwata ba, addini bai yarda ba. To ya za mu yi? Kuma ita kanta ba ta son ci ba ta son sha. Ita da bakinta take roƙon Allah ya ɗauke ta. Ba ta gaya miki ba?"

"Ta gaya mini. Ta kuma shanye moɗa biyu a gabana."

"Don ta ga baƙuwa ce."

"Ka bar ni in kai ta asibiti. Akwai gado a ɗakin mata."

Fara'ar ta gushe daga fuskarsa.

"A ce Babandi ya kwashi uwarsa ya zubar a asibiti kamar marar gata? A garin nan? Ina da gida, ina da hali. Uwata ba za ta kwana a hannun bare ba ina raye."

Ya ɗauki ludayinsa ya ci gaba.

Daga nan Ngunan ta mayar da gidan hanyarta. Duk ranar da aiki ya sake ta da wuri, sai ta bi ta can kafin ta wuce gida. Ta kawo ƙaramin tulu nata na kanta ta ajiye daidai inda hannun Iyatu zai kai. Da ta dawo, babu shi. Sailuba ta ce maigida ne ya ɗauke, wai Iya za ta ture shi ta jiƙa ɗaki. Ta nuna wa Sailuba yadda ake juya majinyaci safe da rana da yamma. Sailuba ta ce to, amma kullum a gefen da ta bar ta take samun ta. Bandejin da ta ɗaura shi za ta tarar, ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa. Duk abin da ta gyara a yini ɗaya, sai gidan ya warware shi kafin ta dawo.

Ba ta iya tsanar Sailuba ba. Ƙafafun matar sun kumbura, ita ce daka, ita ce ɗiban ruwa a rijiya, ita ce girki na masu ɗaukar buhu. Amma wata rana ta iso ba a ji shigowarta ba, ta jiyo muryar Sailuba daga cikin bukka:

"Kin sake yi ko? Haba Iya! Allah dai ya ɗauke ki ki huta, mu ma mu huta."

Sai muryar tsohuwar, can ƙasa: "Amin, 'yata. Ki yafe ni."

Ngunan ta tsaya riƙe da kekenta. A nan ta gane inda roƙon mutuwar ya samo asali. Kullum ana faɗa wa tsohuwar, kullum tana amsawa da amin, har ya zama nata.

Ranar wata Juma'a ta haɗu da ƙaramin ɗan Iyatu, Abdulsalami, tela ne a garin Azuba. Yakan zo gaida uwarsa bayan masallaci. Gaisuwar tasa daga bakin ƙofa ce, hannun riga a hanci. "Iya, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Kafin ta tattara harshenta ta amsa, ya juya.

Ya biyo Ngunan har wajen gida, yana waige-waige.

"Nas, wallahi abin yana ci mini rai. Ba na iya barci."

"To ka ɗauke ta zuwa gidanka."

"Ina ni ina ɗaukar ta, Yaya yana nan? Ai raini ne. Babba shi ke riƙe uwa. Kuma ɗakina ɗaya, keken ɗinkina ma a ciki yake, kayan mutane za su ɗauki wari." Ya matso, ya rage murya. "Na ce ba, tun da ita ce take so, kuma ke ma kin ga ba tashi za ta yi ba, babu wani abu da za ki ba ta? Taimako ne. Lada ma za ki samu. Ba wanda zai ji."

Ngunan ta dube shi. Fuskarsa a wanke, idonsa da kwalli, turaren Juma'a yana tashi a jikinsa. Har da ɗan hawaye a gefen ido.

"Ka shiga ka ba ta ruwa da hannunka," ta ce. "Moɗa ɗaya. Ina tsaye ina jiran ka."

"Yaya ya hana."

"Kashe ta fa, Yaya ya yarda?"

Ya ja da baya kamar an watsa masa wuta. "Subhanallahi! Wa ya yi zancen kisa? Ke dai ba ki jin Hausa sosai." Ya kaɗa rigarsa ya tafi.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe Iyatu. Gyambon ya fara tsatso ruwa kore, ta daina gane mutane, sai kiran sunan wata da ta daɗe da rasuwa. Ngunan ta fito daga bukkar ta wuce zaure kai tsaye. Babandi yana tare da wasu manoma da suka kawo kaya. Ba ta jira ya sallame su ba.

"Malam Babandi, gobe da safe zan zo da duba-gari. Zai ga bukkar nan, zai ga abin da ke gangarowa daga cikinta, zai ga inda ka tara riɗin da kake sayar wa kamfani. Zai rubuta, mai unguwa zai ji, En'e za ta ji. Ko kuma yau ɗin nan ka sa a kai ta asibiti."

Manoman suka sunkuyar da kai. Babandi ya dubi buhunansa, ya dube ta, jijiyar wuyansa ta tashi. Sai ya yi wata 'yar dariya.

"Ai dama abin da nake shirin yi ke nan. Kin riga ni a baki ne kawai."

A kan amalanken da ake ɗaukar riɗi aka kai ta. Babandi ya shimfiɗa sabon bargo, ya bi bayan amalanken a ƙafa ta tsakiyar kasuwa, duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Iya ce, zan kai ta wajen likita. Uwa ai ba a wasa da ita." Mutane suna sa masa albarka. A ƙofar asibiti, da aka sauke ta, ya naɗe bargonsa ya koma da shi.

Ɗakin mata ba wani abin a zo a gani ba ne. Gadajen ƙarfe ne, da katifun ciyawa, da tagogi masu raga. Amma akwai randa a lungu, akwai mai juya ta, akwai mai wanke ta ba tare da tsaki ba. Likita Bature da ke zagayowa daga lokaci zuwa lokaci ya rubuta mata allurar kashe ƙwayar ciwo. Zazzaɓin ya sauka. Bakin gyambon ya fara yin ja mai kyau. A hankali fatar fuskarta ta saki, idonta ya dawo.

Sai ga wata mata daban ta fito daga cikin waɗannan ƙasusuwan. Ashe Iyatu mai surutu ce, mai tsokana. Ta ce kunun asibiti salam yake, a Keana inda ta tashi tana dafa gishiri ko akuya ba za a ba wa wannan ba. Ta sa aka daka mata goro saboda ba haƙori. Ta matsa wa wata mai jinyar ɗiyarta a gadon kusa har ta yi mata kitso. Ngunan kuwa ba ta tsira ba, don Hausarta irin ta kasuwar Lafia ce, wani lokaci ta kira mace da "ya".

"Jiya kin ce wai Iyatu ya sha magani. Yaushe na fito da gemu, 'yar Tibi?"

Ɗakin duka aka yi dariya, har da ita, da karkataccen bakinta.

Idan ta jiƙa shimfiɗa takan rufe fuska da hannu ta fara ba da haƙuri. Ngunan ta ce mata, "Wanda ya sha ruwa dole ya yi fitsari, Iya. Ni ma ina yi." Sannu a hankali ta daina rufe fuskar. Duk zamanta a ɗakin nan, ko sau ɗaya ba ta sake tambayar allurar nan ba. Abin da take tambaya kullum shi ne ko Sailuba ta sauka.

'Ya'yanta ba su zo ba. Sukan aiko da gaisuwa.

Sai Sailuba ta haihu, namiji. Ana jibi suna, Babandi da Abdulsalami suka shigo ɗakin mata cikin fararen riguna, suka tsuguna a gefen gadon.

"Iya, kin yi kyau," in ji Babandi. "Mun zo tafiya da ke. Dangi na Keana suna hanya. Ba zai yiwu a yi suna kaka tana asibiti ba."

"Ba ta warke ba," in ji Ngunan. "Gyambon bai rufe ba. In kuka mayar da ita bukkar nan, kashe ta za ku yi."

"Wace bukka? Na kwashe buhuna, ɗakinta na simintin nan na gyara mata. Tambayi Abdulsalami."

"Da hannuna na share," in ji Abdulsalami.

Ngunan ta juya wa mazan baya, ta sunkuya daidai kunnen tsohuwar.

"Iya, ba dole ba ne. In kin ce ba za ki ba, babu mai ɗaga ki daga gadon nan. Ni zan tsaya."

Iyatu ta daɗe tana kallon rufin ɗaki. Ta san 'ya'yanta fiye da yadda Ngunan ta san su, kuma Ngunan ta ga hakan a idonta.

"In ƙannena suka zo ba su same ni a gida ba, me za su ce da yaran nan?"

"Gaskiya za su ce."

"Ita nake gudar musu, 'yata." Ta lalubo hannun Ngunan ta matse. "Ni na haife su. Bari in je in ga jikana."

Ranar suna Ngunan ta leƙa. An zaunar da Iyatu a ɗakin siminti, an jingina ta da matasai, an ɗaura mata sabon zane da kallabi, an turara ɗakin. Baƙi suna shiga suna fita suna cewa kai, Babandi ya iya riƙon uwa. Aka ɗora mata jaririn a cinya, ta yi ta kallon sa tana motsa baki. Ngunan ta kusa yarda cewa abin zai ɗore.

Washegari aka tura ta Agyaragu da ayarin masu yin lambar rigakafin agana, don cutar ta ɓulla a ƙauyukan can. Ta roƙi a tura wata, aka ce babu wata. Suka yi kwana da kwanaki suna bin gonaki da kasuwanni. Ranar da lori ta dawo da su Lafia, ko gida ba ta je ba, ta ɗauki keke.

Ƙofar ɗakin simintin a buɗe take. Buhuna sun koma har sama.

Sailuba tana ɗakinta tana jego, wata tsohuwa da aka ɗauko tana hura wutar ruwan wankanta a ƙatuwar tukunya. Da ta ga Ngunan ta kawar da kai.

"Baƙi na tafiya aka kawo sabon kaya, hadari kuma ya taso. Maigida ya ce na kwana biyu ne. Ni kuma kin ga mai jego ba ta taɓa ƙazanta, saboda nono."

"Wa yake duba ta?"

Sailuba ta gyara wa jaririnta kwanciya.

A bukkar, sabon zanen sunan ne har yanzu a jikin Iyatu, ya ƙafe da ƙazanta. Kitson yana nan. Tururuwa sun yi layi daga bango zuwa ƙugunta. Ngunan ta kira ta, ta sake kira. Idanun suka buɗe, amma ba su tsaya a kanta ba. Ta ɗiga mata ruwa, ruwan ya gangaro ta gefen baki, maƙogwaron bai motsa ba. Wannan karon tsohuwar ba ta roƙi komai ba. Ngunan ta wanke ta duk da haka, a hankali, tun daga fuska har tafin ƙafa, ta jiƙa tsumma ta riƙa goga mata a leɓe har rana ta yi sanyi. Da safe aka aiko asibiti cewa Iyatu ta cika.

Ranar sadakar uku ta je ta'aziyya. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun cika wurin, dattawan unguwa da 'yan kasuwa da dangin Keana da suka sake dawowa. Ana raba goro da waina. Babandi yana tsakiya, idonsa ja, Abdulsalami a gefensa da carbi. Ta sunkuyar da kai za ta wuce cikin gida wajen mata, sai ta ji muryar Babandi yana ba wa wani dattijo, ƙanen marigayiyar, labari.

"Kawu, babu abin da ba mu yi ba. Har asibiti na kai ta da ƙafata. Amma ita ta riga ta gaji da duniya. Ba ta ci, ba ta sha, kullum roƙonta Allah ya ɗauke ta. Allah kuwa ya karɓi addu'arta. Yauwa, ga ma Nas nan. Nas, don Allah, ba ki ji ta da kunnenki ba?"

Kawunan suka juyo gaba ɗaya. Mace ce, baƙuwa, ba addininsu ɗaya ba, tana tsaye a gaban tabarmar maza. Abin da ake jira ta ce shi ne "haka ne," ta wuce.

"Na ji ta," in ji Ngunan. "A bukkar bayan garken awaki na ji ta faɗa, lokacin da ake ba ta rabin moɗar ruwa a yini don kada ta jiƙa tabarma. A asibiti, inda take shan ruwa ta ƙoshi, ba ta taɓa faɗa ba. Can goro take nema, da kitso, da labarin jikanta. Ta dawo gidan nan ne don kada a zage ku, Malam Babandi. Da bakinta ta gaya mini, kuna tsugune a wurin."

Carbin Abdulsalami ya tsaya. Dattijon Keana ya dubi Babandi, ya daɗe yana dubansa. Ngunan ta zaci zai yi magana. Ta ga bakinsa ya buɗe.

Sai wani daga cikin dattawan unguwa ya yi gyaran murya ya ce, "To, rai dai na Allah ne. Wanda ya tafi ya tafi. A yi mata fatiha."

Hannuwa suka tashi sama gaba ɗaya, da sauri, kamar an cece su. Dattijon Keana ma ya ɗaga nasa. Aka shafa. Mai rabon waina ya ci gaba daga inda ya tsaya, wani ya tambayi Babandi yadda riɗi yake a bana, Babandi ya goge ido ya fara ba shi amsa.

Ngunan ba ta shiga wajen matan ba. Ta juya ta kama kekenta. Wani ya miƙo mata waina a ganye, sadakar mamaciya, ta dube ta, ta dubi mutanen da ke taunawa, ta ce ta ƙoshi. Duk wanda ke zaune a tabarmar nan ya ji abin da ta faɗa, kuma da yawansu maƙwabta ne, warin bukkar ya sha shiga gidajensu tun damina. Babu wanda ya tashi. Tana tura keken tana jin su a bayanta suna yi wa Babandi addu'ar Allah ya ba shi ladan jinya, suna amsawa da amin.